Ƙarfe Ma Yakan Yi Miƙa: Daga Kwanon Rufi Zuwa Dutsen Guga

Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san ƙarar nan. Da hantsi, sa'ad da rana ta fara ɗagawa sosai, sai ka ji ƙas! daga wannan kusurwa, jim kaɗan kuma ƙas! daga waccan, kamar wani yana jifa da tsakuwa. Da yamma, bayan rana ta faɗi, sai ƙarar ta sake dawowa. Yara sukan ce ƙadangaru ne. Akwai tsohuwar da ta rantse mana cewa jifa ne ake yi wa gidanta, har ta kwana biyu a gidan ɗanta. Mu kanmu mun daɗe muna jin ƙarar ba mu kula ba, sai da ta kusa raba mu da wani kafinta wanda ya yi mana aiki shekara da shekaru.

Ga yadda abin ya faru. A ƙauyenmu, a nan ƙasar da ke tsakanin Bichi da Dambatta inda gona ke manne da gona, mun sabunta rufin majami'armu da dogon kwano na alminiyum, irin wanda falle ɗaya ke tashi daga ƙololuwa har baki ba tare da haɗi ba. Kuɗin kuwa daga gumin jama'a ya fito: wannan ya ba da tiya goma ta dawa, wancan buhun gyaɗa, zumuntar mata suka sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa har wata biyar. An buga kwanon a watan Janairu, da sanyin safiya, kafinta ya danne kowace ƙusa iyakar ƙarfinsa domin kada iskar farkon damina ta yaye rufin. Damina ta farko lafiya lau. Ta biyu kuwa, sai ga yoyo a jere, kowane ɗigo daidai gindin ƙusa. Da aka hau aka duba, sai aka tarar ramukan ƙusoshin da suke kewayayyu sun zama dogaye, kamar an ja su da wuƙa.

A taron dattawa magana ta yi zafi. Waɗansu suka ce an cuce mu da jabun kwano, waɗansu suka ce kafintan ne ya yi ha'inci. Wani ɗan'uwa da ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare ya nemi izini ya ce, "Iyayena, ku yi mini haƙuri. Kwanon nan ba jabu ba ne, kuma Baba kafinta bai ci kuɗinku ba. Rana ce ta yi wannan aiki." Aka yi masa dariya. Bai yi gardama ba, sai ya ɗaura wayar ƙarfe tsakanin turaku biyu, ya ja ta ta miƙe sosai, ya rataye dutse a tsakiya, ya sa yara suka bi ƙarƙashin wayar da wutar kara. A gaban idonmu dutsen ya riƙa sauka har ya kusa taɓa ƙasa. Da wayar ta huce, sai ya koma sama inda yake. Abin da ya bayyana mana ranar nan, da abin da muka bincika daga baya, shi muke so mu kawo wa masu karatu.

Kowane ƙarfe, komai taurinsa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra masu ƙanƙanta ƙwarai, kuma ba su zama shiru, kullum suna ɗan motsi a inda suke. Zafi yana ƙara musu motsi. Idan mata goma suna zaune a kan benci ɗaya za su iya matsuwa su zauna, amma da an buga ganga sun tashi rawa, kowace sai ta nemi ƙarin fili. Yawansu bai ƙaru ba, wurin da suka ci ne ya ƙaru. Haka ƙarfe yake: nauyinsa yana nan, amma tsawonsa da fāɗinsa da kaurinsa duk sukan ƙaru, in ya huce ya koma.

Ƙarin ba shi da yawa, shi ya sa ido ba ya ganinsa. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, takan ƙara wajen milimita 1.2 ne kawai. Jan ƙarfe irin na cikin wayar lantarki yakan ƙara 1.7, tagulla 1.9, alminiyum kuwa 2.3, wato kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A riƙe wannan bambanci, gama a kansa sauran maganar za ta tsaya.

To, bari mu yi lissafin rufinmu. Da asubahin hunturu zafin gari a ƙasar Kano yakan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. A bazara iska kanta takan wuce digiri 40, kwanon da rana ke duka kuwa ya fi iska zafi nesa, yana iya kai digiri 65. Bambancin digiri 50 ke nan. Tsohon kwanonmu gajere ne, ƙafa takwas, kuma ko da yake ana ce masa zinki, baƙin ƙarfe ne aka shafe da tutiya domin kada ya yi tsatsa. A wannan bambancin zafi ba ya ƙara fiye da milimita ɗaya da rabi, katako da ƙusa suna iya shanye wannan. Sabon kuwa alminiyum ne mai tsawon mita 9, ƙarinsa ya kai santimita guda. Katakon da ke ƙarƙashinsa ba ya bin sa. Saboda haka kowace rana kwanon yana turawa, kowane dare yana janyewa, ƙusa tana tsaye a wuri ɗaya tana cin gefen raminta. Ƙarar da muke ji ita ce lokacin da kwanon ya ƙwace daga riƙon ƙusa ko na maƙwabcinsa ya zame gaba ɗaya. Fiye da kwana ɗari biyar na wannan kai da komowa, ga yoyo.

Wani zai ce, to me zai hana a ƙara ƙusoshi a danne shi har ya kasa motsi? Wannan ne kuskuren da ya fi tsada. Idan aka hana baƙin ƙarfe miƙa alhali zafinsa ya ƙaru da digiri 40, ƙarfin da zai tura da shi ya kusa tan guda a kan kowane fili mai girman farcen yatsa, wato nauyin buhu goma na masara. Babu ƙusar da za ta tsaya wa wannan. Ko dai rami ya yage, ko ƙusa ta tumɓuke, ko kwano ya kumbura ya yi doro.

Masu aikin jirgin ƙasa sun san wannan tun da daɗewa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya nufi Nguru kuma aka gama shi a 1930. Wanda ya taɓa bin gefen tsohon layin ya ga ɗan gibin da aka bari tsakanin kowane ƙarfe da na gabansa, an haɗa su da faranti da kusoshi masu noti. Wannan gibi ne ke ba da sautin nan na kacau-kacau a ƙarƙashin tarago, kuma da gangan aka bar shi, gama ƙarfe mai mita 12 yakan ƙara wajen milimita 6 idan zafinsa ya hau da digiri 40. A layukan zamani an sauya dabara: ana walda ƙarafan su zama doguwar igiya ɗaya, a ɗaure su tam a kan matasan kankare masu nauyi, a cika da tsakuwa, kuma a ɗaure su a daidai wani matsakaicin zafi da aka lissafa domin kada matsin ya yi yawa a zafi ko a sanyi. Duk da haka, a ƙasashen Turai akan rage gudun jiragen ƙasa a ranakun tsananin zafi don tsoron kada layi ya karkace kamar maciji. Mutanen Dambatta da Kazaure da Daura, waɗanda layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya ratsa ƙasarsu, suna da abin lura a nan. Haka nan gibin da ake bari a kan gada, wanda mota ke yin ƙwas in ta taka, ba sakacin magina ba ne. Mun kuma yi mamaki da muka ji cewa kankare da rodi suna miƙa kusan daidai da juna. Da ba don haka ba, da babu ginin dakin da zai kai bazara biyu.

Akwai wani abu da ya ba mu wuyar yarda. Idan aka gasa zoben ƙarfe, ramin tsakiyarsa ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Mu da muna tsammani ƙarfen zai kumbura ya cike ramin. A'a, zoben duka ne yake girma, har da raminsa. Makanikai sun san haka ko da ba su karanta a littafi ba: notin da ya cije sukan hura masa wuta ya saki, boris kuma sukan ɗumama shi a cikin mai kafin su zura shi a sandar injin niƙa, in ya huce ya kama gam. Murfin kwalba na ƙarfe da ya ƙi buɗuwa, uwargida ta tsoma shi a ruwan zafi, gama ƙarfen yana riga gilashi buɗewa.

Masu noman rani a bakin madatsar Tomas da ta Watari, wannan magana ta shafi injin ban ruwanku. Fistin ɗin da ke cikinsa na alminiyum ne, hannun rigar da yake kai da komowa a ciki kuwa galibi baƙin ƙarfe ne. Idan mai ya ƙare ko ƙura ta toshe hanyar iska, fistin yana riga mazauninsa kumbura, sai inji ya cije. Haka kuma ɗan gibin da ake bari a kan bawul, wanda a ƙananan injuna irin Honda GX160 milimita 0.15 ne a na shigar iska, 0.20 a na fitar hayaƙi, ana auna shi ne sa'ad da inji yake da sanyi. Makanikin da ya matse shi domin a daina jin ƙara ya sayo maka ƙonewar bawul. Kada kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi: bayansa zai tsuke farat ɗaya alhali cikinsa yana kumbure, ƙarfen ya tsage, kamar yadda gilashin fitila ke fashewa in ɗigon ruwa ya faɗa masa.

Har zuwa nan muna magana ne a kan ɓarna. Amma akwai wanda ya kama wannan hali na ƙarfe ya sa shi aiki, kuma shi ma kafinta ne. Sunansa John Harrison, mutumin Ingila, an haife shi a 1693, ya koya wa kansa gyaran agogo. A zamaninsa jiragen ruwa suna ɓata a teku, mutane suna hallaka, domin matuƙa ba su da hanyar sanin iyakar nisan da suka yi gabas ko yamma. Agogo mai gaskiya zai iya warware matsalar, har majalisar ƙasar ta sa ladan fam 20,000 a 1714. Sai dai zafi da sanyi suna sauya ƙarafan cikin agogo, ya riƙa gudu ko jinkiri. Harrison ya yi shekara goma sha tara a kan agogonsa na uku, wanda ya gama wajen 1759, a cikinsa ne kuma ya sa ƙarfe mai falle biyu: siririn falle na tagulla da na baƙin ƙarfe, an manne su baya da baya. Agogonsa na huɗu, da aka gwada a tafiyar Jamaika a 1761 zuwa 1762, bai yi kuskuren da ya wuce kamar daƙiƙa biyar ba a cikin kwana 81. A 2006 an kafa masa dutsen tunawa a babbar majami'ar Westminster da ke Landan, aka kuwa shimfiɗa ƙarfe mai falle biyu a jikin dutsen.

Yadda yake aiki, manomi zai fi kowa saurin ganewa. Ɗaura shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, ɗaya mai sauri, ɗaya mai nawa. Ba za su iya rabuwa ba, ba kuma za su tafi a miƙe ba, garmar za ta riƙa karkata zuwa wajen mai nawan. Haka tagulla take son miƙa fiye da baƙin ƙarfe, amma an manne su, saboda haka in zafi ya zo sai fallen ya lanƙwasa zuwa gefen baƙin ƙarfe, tagulla tana bayan bakan. In sanyi ya wuce na lokacin da aka haɗa su, sai ya lanƙwasa ta ɗaya gefen. Abin sha'awa shi ne, bambancin tsawon da ido ba ya gani yakan zama lanƙwasar da ake gani sarai a bakin fallen, musamman in siriri ne dogo. Yara za su iya gwadawa da takardar nan ta naɗe cingam mai ƙyalli a gefe ɗaya: a yanko siririya, a kusantar da ita ga zafin fitila ba tare da ta taɓa wuta ba, za ta naɗe zuwa gefen takardar. A 1896 wani masani ɗan Suwizalan, Charles Édouard Guillaume, ya gano gamin baƙin ƙarfe da nikel kashi 36 cikin ɗari, wanda kusan ba ya miƙa, aka sa masa suna Invar, har ya sami kyautar Nobel a 1920. Yawancin fallayen yau da shi ake yin gefen mai nawa.

Wannan ɗan falle yana cikin gidajenmu ba mu sani ba. Ku saurari dutsen guga na lantarki: can za ku ji ƙat, 'yar fitilarsa ta mutu, an jima kuma ƙat, ta kama. Fallen ne. Wuta tana bi ta inda bakinsa ya taɓa wani ƙarfe. Da dutsen ya kai zafin da ake so, fallen ya lanƙwasa ya janye, wuta ta yanke. Da ya ɗan huce, fallen ya dawo ya haɗa. Maɓallin nan da ake juyawa daga leshi zuwa shadda ba ƙara ƙarfin wuta yake yi ba, nisan da fallen zai lanƙwasa kafin ya yanke yake sauyawa. Butar lantarki mai kashe kanta ma haka: tururi ne ke bi ta wata kafa ya taɓa ɗan faifai mai falle biyu, ya ɓalle ya tura makunni. Shi ya sa in an bar murfin a buɗe ba ta mutuwa. Siginar tsofaffin motoci da babura, mai ƙyaftawa, da irin wannan falle take aiki, ko da yake sababbi sun koma wata dabara.

A nan ne muke da babban kuka. Sau da yawa idan dutsen guga ya fara yanke wuta da wuri, mai gyara yakan ce, "Maigida, wannan abin ne ke damun ka," ya cire fallen ya haɗa waya kai tsaye. Dutsen ya yi zafi, maigida ya yi murna, ya biya. Amma an cire mai gadi ne. A garuruwan da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, mutum yakan bar dutsen a jone ya fita domin an ɗauke wuta, ta dawo da tsakar dare, dutsen da ba shi da abin yanke kansa ya yi ta zafi a kan tebur ko katifa. Mun san shagon tela da ya ƙone ta haka ana sauran kwana huɗu Kirsimeti, da ɗinkin mutane a ciki. Gyaran gaskiya shi ne a goge bakin da ya yi baƙi, ko a sayi sabon falle, kuɗinsa bai kai na yadi ɗaya ba.

Haka abin yake da makunnin kariya da ke cikin akwatin wutar gida, wanda ke faɗuwa da kansa. A cikinsa ma akwai falle biyu, wutar da gidan ke ja tana ɗumama shi. Idan aka jona hita da dutsen guga da firji a layi ɗaya, ya yi zafi ya lanƙwasa ya yanke kafin wayar da ke cikin bango ta narke. Ba ya yarda ya tashi nan take, sai ya huce, wannan kuwa ba lalacewa ba ce. Wanda ya musanya shi da mai lamba babba ba tare da ya sauya waya ba, ko ya ɗaure shi da zare, ya mai da wayar gidansa abin da zai fara ƙonewa. Masu sa sola su ma su lura da inda aka murɗe wayar alminiyum da ta jan ƙarfe wuri ɗaya: miƙarsu ba ɗaya ba ce, haɗin yakan saki sannu a hankali ya fara zafi. Wayoyin kan turaku kuma sun fi saukowa a bazara da rana tsaka, sai masu lodin kara da harawa a kan mota su riƙa ɗaga kai kafin su wuce.

Rufinmu dai ba mu sauya kwano ba, ba mu kuma sauya kafinta ba. Shi da malamin nan suka hau tare. Aka zare ƙusoshin, aka toshe tsofaffin ramuka, aka huda sababbi a kan tudun kwanon ba a cikin kwarinsa ba, kowane rami ya ɗan fi kaurin ƙusa fāɗi, aka sa ƙusa mai hula da roba a ƙarƙashi, aka ɗaure daidai yadda robar za ta zauna ba tare da ta baje ba. A bakin ƙololuwa da inda kwano ya haɗu da bango an bar masa ɗan wurin shiga da fita. Sun kuma zaɓi yin aikin da hantsi a watan Oktoba, sa'ad da kwanon yake tsaka-tsaki, bai tsuke ƙwarai ba, bai kuma miƙe ƙwarai ba. Baba kafinta ya ƙi karɓar ladan aikin, sai kuɗin ƙusa kaɗai. Damina biyu ke nan ba mu ajiye kwarya a ƙarƙashin ko ɗigo ɗaya ba. Da rana tsaka har yanzu akan ji ƙas jefi-jefi, amma ba kamar da ba.